Bindigar Kawu da Ɗakin Awaki

Shekaranjiya da hantsi jikata ta shigo gida tana busa wani abu a baki, yana ba da ƙara siririya kamar kukan tsuntsu. Na kira ta na buɗe hannunta, sai ga kwanson harsashi, ɗan gwangwanin tagullar nan da ke faɗowa ƙasa bayan an yi harbi. Ta ce a bayan makarantarsu suka tsinto, kowa ya samu nasa, wai na ƙawarta ya fi nata zaƙin murya. Na fizge shi, na daka mata tsawar da ta sa ta ruga bayan uwarta tana kuka. Allah Ya yafe mini, yarinyar ba ta yi laifin komai ba. Halina ne, saurin hannu da saurin baki, tun ina saurayi nake fama da shi, furfura kuma ba ta raba ni da shi ba. Tun daga lokacin kwanson yana cikin aljihuna. Na kasa jefar da shi, na kuma kasa zama. Na je masallaci na dawo, na je bakin tasha na tsaya kallon masu babura na dawo, na ɗauki buta na ajiye ba tare da na yi alwala ba, har matar ɗana ta leƙo ta ce, "Baba, ko a dama maka fura?" Ba fura ce matsalata ba. Ni manomi ne da aka raba da gona, ina zaune gidan ɗana a Talata Mafara, ƙauyenmu na ƙasar Maradun kuwa ciyawa ta cinye hanyarsa.

A ƙauyen nan, lokacin da muka taso, da kunne mutum yake sanin inda rana ta kai. Da farko sautin guga yana bugun bangon rijiya, sai taɓarya ta amsa daga gida zuwa gida, wata da nauyi wata da rawa, har kana iya gane matar da ta tashi da fushi. Sai gauraka su wuce sama suna kuka za su fadama, sai muryar matan ruga masu tallar nono. A cikin waɗannan sautuka har da na bindiga, amma guda ɗaya ce tak a duk karkararmu, kuma kowa ya san muryarta. Idan ta yi magana da sassafe, yara wajen ƙarar suke gudu, ba sa gudu daga gare ta. In gadu aka harba, mai tone rogo da dankali, manoma su yi hamdala a bar wa kuraye mushen. In gada ce ko gwanki, mata su fara wanke tukunya tun kafin a ga nama. In kura ce ta addabi maruƙa, makiyayi da kansa yake zuwa ƙofar gidanmu da ƙwaryar nono ya kai kuka. Yanzu jikokina sun fi ni sanin muryoyin bindigogi. Suna iya faɗa maka wacce ta yi ƙara da kuma ta wane gefe za a gudu, alhali ba su taɓa jin kukan gauraka ba.

Bindigar ta Kawuna ce, wan mahaifiyata, wanda yake Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankinmu. Hukuma ce ta yarda ya riƙe ta saboda ɓarnar namun daji. Ba irin ta gargajiya ba ce da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wannan ta baya ake sa mata harsashi, a tura wani ƙarfe mai ɗan hannu a murɗa ya kulle, shi muke kira sakata. Bayan harbi a ja sakatar baya, wata 'yar ƙugiya da ke bakinta ta jawo kwanson ta watsar. A gidan Kawu na girma, domin ban san mahaifina ba, matarsa kuma ita ta goya ni, ita nake kira Inna. Ta haihu ba sau ɗaya ba, amma 'ya'yan ba su tsaya ba, sai ta juye duk abin da ke ranta a kaina. Ita ta koya mini yankan harawa da sharar ɗakin awaki da yadda ake gane akuyar da ta kusa haihuwa. In ina cusa tuwo da zafinsa sai ta ce, "Ci sannu, ba shi da ƙahwahu, ba gudu zai ba." Kawu kuwa ba mai yawan magana ba ne. Abin da na fi ji daga bakinsa shi ne, wanda bai iya jira ba bai kamata a ba shi bindiga ba. Yana faɗa yana kallona.

Maharba suna da doka da suka gada: mace ba ta taɓa kayan farauta, kayan kuma ba sa kwana inda mace take kwana. Tun zamanin kwari da baka, kakannin Kawu a ɗakin awaki suke soke kwarinsu, can cikin jinka, nesa da mata da yara, ga shi kibiyoyin da dafi. Da bindiga ta zo sai Kawu ya bi sawun iyayensa. Ita bindigar ya rataye ta a turakarsa, harsasan kuwa ya zuba su a burgamin fata ya soke a jinkar ɗakin awaki, daidai inda kwarin ubansa ya zauna. Ɗaki ne gajere mai ƙaramar ƙofa. Da damina in ka sunkuya ka shiga, zarnin fitsarin awaki sai ya sa idonka hawaye. Ni nake share shi, kullum ina ganin burgamin yana lilo a saman kaina, ban taɓa kawo komai a raina ba sai kwaɗayin ranar da zai zama nawa. Gemu ya fara fito mini a lokacin, Kawu kuma ya yi mini alkawarin bayan kaka zai fara barina in harba.

Wata rana da damina Kawu ya tafi Damaga gaisuwar rasuwa, ni ina gona, aka tsuge da ruwa. Jinkar turaka ta yi yoyo daidai kan bindiga. Inna ta tsaya tana kallon ruwa yana bin ƙarfen, ba namiji a gidan ko a maƙwabta. Sai ta naɗe hannunta da gefen zane ta sauke ta, ta jingine ta a busasshen lungu. Da Kawu ya dawo ita da bakinta ta faɗa masa. Ya jiƙa saiwoyin maganinsa ya wanke bindigar, ya yi mata turare, ya mayar.

Ba a daɗe ba gadu suka shiga gonakin rogo na bakin fadama, muka fita da sassafe ni da shi. Ina bayansa lokacin da ya ɗaga. Ƙarar da na ji ba muryar da na sani ba ce, ta yi kama da babbar tukunya ta faɗo daga kai ta tarwatse. Hayaƙi ya fito ta baya maimakon ta gaba. Kawu ya saki bindiga ya durƙusa, hannunsa a kan idon dama, yana salati. Wani makiyayi da ke kiwo kusa ya sheƙo, ya tatso madara a tafin hannunsa ya yi ta wanke masa idon. Allah Ya saka wa mutumin nan, ko sunansa ban riƙe ba. Na ɗauki bindigar na ja sakata, ta ƙi motsi, kamar an narka ta da jikin ƙarfen. Idon Kawu bai tsiyaye ba, amma daga ranar bai ƙara ganin komai da shi ba sai haske da duhu.

Da yamma ya kira Inna. Yana kwance da tsumma a fuska, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tahi gidanku Faru, sai na neme ki." Ba ta yi musu ba. Ta ɗaure kayanta, ta nuna mini inda daddawa take da inda ta ɓoye gishiri, ta ce in lura da jar akuya, ta kusa. Kafin ta kai bakin gari magana ta riga ta. Mata a rijiya suna cewa dama hannunta ba shi da kyau, shi ya sa 'ya'ya ba sa zama a cikinsa. Maharba kuma suka riƙa zuwa dubiya suna ce wa Kawu in ido ya lafa ya yanke igiyar auren gaba ɗaya, kada abin ya koma kan ɗayan idon. Na ji yana amsa musu da to. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na raka ta iyakar kukar bayan gari na juyo da sauri, domin hankalina yana kan bindiga. Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki tana tafiya da mugun suna a ka, ni abin da ya dame ni shi ne kaka za ta zo babu abin da zan harba.

Na matsa wa Kawu har ya yarda in kai gyara. Ya ce in je kasuwar Mafara in nuna wa maƙera, ya ba ni harsashi ɗaya daga burgami don gwaji, ya ja mini kunne kada in wuce Mafara. Na naɗe bindigar a tabarma na ɗora a kai. Maƙeran kasuwa, masu fartanya da lauje, kowa ya juya ta ya miƙo mini. Wani ya ce in kawo ya buga mata masaba ta buɗe, na kusa yarda. Wani dattijo mai sayar da wuƙaƙe ne ya riƙe hannuna ya ce in na bari aka buge ta to ta mutu, in nufi Bakura, akwai tsohon maƙerin da ya san cikin irin wannan. Ban koma neman izini ba, na miƙe. Sai daga baya na gane abin da ya sa Kawu ya hana ni wuce Mafara. Shi da maƙerin tare aka yi musu kaciya, uwayensu 'yan unguwa ɗaya ne, kuma duk duniya babu bakin da Kawu yake tsoro kamar nasa.

Na sami maƙerin a rumfarsa, gajeren tsoho mai tabon wuta a hannuwa, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Na durƙusa.

"Ina wuni, Baba?"

"Lahiya lau, samari. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Yaya ruwa wajenku?"

"Ruwa sun yi gyara."

"Madalla. Mutanen gida? Manya da yara? Bisashe?"

Na amsa duka a ƙagauce. Sai da ya gama ya nuna tabarmar da haɓa. "Wagga gawar wa ka ɗauko?"

"Bindigar Kawuna ta, Sarkin Baka."

"A'a! Mai kunnuwan nan awa faifai? Shina da rai? To mi yas sa bai zo da kainai ba, ko tsoro shikai in tuna mai kukan da yay yi gaban wanzami?"

Na faɗa masa zancen ido. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya yi addu'a, ya warware tabarmar.

Ban taɓa ganin aikin da ya gwada haƙurina kamar wannan ba. Ranar farko bai yi komai ba sai ɗiga man gyaɗa a kewayen sakatar, ya jingine bindigar a rana, ya koma ƙirar lauje. Kashegari ma haka. Ni ina zuga masa wuta, in tashi in zagaya rumfa, in dawo in taɓa bindigar, in fita in kalli hanya. Na ce, "Baba, a ɗan buga mana." Ya ce, "Kai da kawunka dut ɗaya kuke, in ƙohwa ta ƙi buɗewa sai ku kada bango. Zamna." Da ya ga man ya shiga, sai ya ɗauko guntun taɓarya, ba ƙarfe ba, ya riƙa ƙwanƙwasa hannun sakatar a hankali kamar mai tada jariri daga barci. Ya ƙwanƙwasa, ya kara lafiyayyen kunnensa, ya ƙara mai, ya jira. Can sai ta yi wani ɗan nishi ta murɗe. Da ya zaro ta, gindin kwanson ya biyo ta, baƙi ƙirin, a yage kamar an ciza. 'Yar ƙugiyar ta karye, sauran kwanson kuma ya maƙale a ciki, sai da ya yi ta lallashinsa da siririn ƙarfe kafin ya fito. Ya wanke sakatar ya goge, ya ɗaure ta da zare ya rataya, ya ɗan buge ta da ƙusa. Ta yi ƙara doguwa mai daɗi. Ya ce, "Ka jiya? Da ta tsage ciki da ba ta yi wagga waƙa ba, da sai mu yi lauje da ita. Ƙugiya ɗai za mu sake." Ya yanko ɗan guntu daga tsohon sifirin mota ya fara gogewa da magagari. Ya goga ya gwada, ya goga ya gwada, ƙurar ƙarfe tana zuba a gwiwarsa.

Yana cikin haka ya ce in ba shi harsashin gwaji. Ya juya shi a rana, ya kankare wani kore-kore da ya fito a wuyansa, sannan ya kai shi hanci. Ya yamutsa fuska.

"Wanga harsashi ko bunsuru? Ina kuka aje shi?"

"Ɗakin awaki, Baba. Cikin jinka."

"Tun yaushe?"

"Tun da anka sawo su."

Ya miƙo mini, ya sa farce ya nuna wata tsaga siririya kamar gashi. Ya ce shi maƙerin tagulla ne kafin ya zama na bindiga, ya ƙera wa mata mundaye ba iyaka, kuma duk macen da ta san kanta ba ta barin munduwarta inda bisashe ke fitsari, domin zarnin yana cin tagulla ta ciki, tana nan da ƙyallinta sai wata rana ta ɓalle a hannu. Ya ce, "Da kun tambayi matar kawunka da ta hwaɗa muku. Amma ku maharba ba ku tambayar mata, ko ba haka ba?"

A nan ne na ba shi labarin Inna, yadda ta sauke bindiga da yadda aka tura ta Faru. Ya ajiye magagari.

"Ka tai ka gano ta?"

Na ce ban je ba.

"Wa ag goye ka?"

"Ita ta."

"Kuma ga ka nan, ka taka tun daga ƙasar Maradun don ƙarhe." Bai ƙara ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya gama ƙugiyar, ya sa ta wuta har ta yi ja, ya tsoma a mai, ya sake ɗumama ta har ta yi launin wuyan tattabara. Ya haɗa, ya gwada da tsohon kwanso, ta cafke shi ta watsar. Na miƙa hannu da murna, sai ya zare sakatar ya jefa a aljihun rigarsa. Ya ce in bar bindigar nan in koma, mai ita ya zo da kansa, ya zo da burgaminsa.

Kawu ya yi faɗa kamar zai cinye ni. Ya ce na kai shi inda za a yi masa dariya, ya ce ba zai je ba ko bindigar za ta ruɓe. Amma gadu ba su san ana fushi ba, rogon mutane yana ƙarewa, kullum da mai zuwa ƙofar gida. Gidan kuma ya zama kango. Tuwon da nake tuƙawa ko kare yana shakkarsa, jar akuya ta haihu ban san yadda zan yi da ita ba, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya mutu. Ranar da Kawu ya ce in ɗaura wa jaki akumari ban tambaye shi ina za mu ba.

Mun isa Bakura da hantsi. Suka gaisa doguwar gaisuwa, maƙerin ya ɗaga tsumman ya duba idon, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "To, Sarkin Awaki, kawo burgamin." Ya zazzage harsasan a faifai, ya nuna masa koren da tsagar, ya maimaita masa zancen mundaye. Kawu ya kau da kai.

"Nan ubana ya aje kwarinai, nan kakana ya aje nashi. Ba abin da yat taɓa samun su."

"Kwarin kakanka da tagulla anka yi shi? Gora ta da ƙarhe, mi ar ruwansu da hitsari?"

"Shekara nawa ina harbi da su lahiya? Sai da tat taɓa."

"Shekara nawa haƙorinka na ciwo kahin shi hita? Ranar da yaf fita, sai ka ce wanda yag gaishe ka da sahe shi ac cire shi?"

"Kai maƙeri na, ba ka san sirrin daji ba."

"Gaskiya ta, ban sani ba." Maƙerin ya tashi, ya zaro sakatar daga aljihu ya mayar da ita jikin bindiga, ya miƙa wa Kawu da hannu biyu. Ya nuna wani suri a bayan rumfa. Ya ce, "Ga ta nan, ta fi da lahiya. Tun da taz zo nan mace ba ta taɓa ta ba, rumfata ko kaza ba ta shiga sai zakara. Matarka na Faru. Harsashinka kai ɗai ka taɓa shi. In hannunta na, yanzu ba sauran abin tsoro. Zaɓi wanda ka so, ka harbi surin can. Sai dai da idon hagu za ka duba, tunda shi ɗai ar rage maka."

Kawu ya kalle shi, ya kalli faifan. Mutane sun fara taruwa, masu jiran fartanya da masu wucewa. Ya sa hannu ya zaɓi harsashin da ya fi ƙyalli, ya sa, ya tura sakata ta kulle ba gardama. Ya ɗaga. Da yake da idon hagu zai duba, sai da ya kwantar da fuskarsa sosai a kan bindigar, idon yana daidai bayan sakatar, inda hayaƙin ya fito a wancan karon. Na ga yatsansa ya hau kunamar bindigar. Na ga zufa ta gangaro daga ƙarƙashin tsumman ta tsaya a gemunsa. Bakina ya buɗe zan yi magana, maƙerin ya danne mini ƙafa da tasa. Ni da ban taɓa iya jira ba, ranar na jira. Wani ƙuda ya sauka a bakin bindigar ya yi yawonsa ya tashi, Kawu bai harba ba.

Ya sauke. Ya ja sakata baya, sabuwar ƙugiya ta watso harsashin cikin rairayi. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kama kan da yatsa biyu ya ɗan murɗa, sai wuyan tagullar ya dare kamar ɓawon gyaɗa, baƙin gari ya zube masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallon tafin hannun. Babu wanda ya yi dariya, har maƙerin. Can Kawu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Daga nan, ta ina anka fi saurin kai Faru?"

Maƙerin ya ce, "Ka ci abinci tukuna. Biko da yunwa ba shi kyau, sai ka tai ka yi mata kuka."

A hanya, da muka zo gulbi, Kawu ya zazzage harsasan cikin ruwa. Guda ɗaya ya rage, ya cire kansa ya zubar da garin, don ya nuna wa mutanen Faru. Mun sami Inna tana sussuka a gidan wanta, ta rame. Aka yi mana shimfiɗa a zaure, Kawu ya yi wa wan nata bayani, ya ajiye kwanson a gabansa, ya ce shi ya yi kuskure, ya zo a ba shi haƙuri. Inna tana jin komai daga bayan darni. Abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya idon?" Ya ce da sauƙi. Ta ce, "Jar akuya hwa?" Na ce ta haihu, ɗaya ya mutu. Ta ce dama ta sani. Sannan ta ce, "Malam, ni ba a zaure anka ɓata ni ba. Bakin rijiya anka ɓata ni. Zan koma, amma ni ka ɗaukar bindigar har gida."

Wan nata ya fara yi mata faɗa, Kawu ya ɗaga masa hannu.

Da la'asar muka shiga ƙauyenmu, lokacin da maza suke zaune a gindin bishiya, mata kuma suna rijiya. Inna ce a gaba, ƙunshin kayanta a ka, bindigar Sarkin Baka a gicciye a saman ƙunshin, ta dafe ta da hannunta tsirara, babu zane babu komai. Kawu yana biye da ita yana jan jaki, ni ina bayan jaki. Ba ta bi gajeriyar hanya ba, sai da ta ratsa ta bakin rijiya, ta tsaya ta gaida matan ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi lafiyar 'ya'yansu, bindiga tana kanta. Wani maharbi ya miƙe daga gindin bishiya zai yi magana, Kawu ya ce masa, "In kana da tagulla ɗakin awaki, tai ka ɗauke." Da aka sawo sababbin harsasai, a ɗakin Inna suka zauna, cikin busasshiyar tukunya mai murfi. Kwanson nan da aka kai Faru kuwa ita ta karɓe shi, ta wanke da tsamiya har ya yi haske, ta yi masa marfi da ɗan tsumma, ya zama tandun kwallinta. Kowace safiya daga cikinsa take sa wa Kawu kwalli a mataccen idon, tana cewa ko bai gani ba ai ana ganinsa. Na roƙe ta gafarar rakiyar da na yi mata rabi, bayan na yi aure na san zafin gida. Ta ce, "Ka kai ni har kuka, wasu ko ƙohwa ba su hito ba." Ban sani ba ko yafewa ce ko tuni.

Dukansu sun rigaya, kaburburansu suna can inda ba na iya zuwa. Rumfar maƙerin ban san abin da ta zama ba. Bindigogin yanzu a kan babur suke zuwa, ba wanda ya san adadinsu, ba wanda ke jiran mai ya shiga ƙarfe, ba kuma tsohon da zai zare sakata ya sa a aljihu ya ce sai mai ita ya zo da kansa.

Jiya da yamma na kira jikata na ba ta haƙuri, na ba ta labarin Inna da tandunta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To Kaka, ba ni nawa in wanke in sa kwalli." Na zaro shi daga aljihu na juya shi a hannu. Lafiyarsa lau, babu kore babu tsaga, bakinsa da baƙin hayaƙi. Na ce mata a'a, gobe zan saya mata tandu a kasuwa. Na Inna bai taɓa tashi ba, a bakin gulbi aka zubar da garinsa ina kallo. Wannan kuwa ya tashi, kuma ban san a jikin wa ya sauka ba.